Lasifikar tsakiya a dama da hagu: tana yin aikin, amma sai an tsayar da ita

Duk wanda ya zaga shagunan kayan sauti na hannu a Yamai, daga Katako zuwa layukan da ke kewaye da Babbar Kasuwa, zai lura da wani akwatin lasifika da ke daɗewa a kan kanta fiye da saura. Dogo ne, siriri, an ƙera shi don ya kwanta. A fuskarsa akwai manyan fayafayai biyu, ɗaya a kowane gefe, da wani ƙarami a tsakaninsu, a bayansa kuma an rubuta Center ko Centre. Wannan ita ce lasifikar tsakiya, wadda takardun Faransanci ke kira enceinte centrale, wato bafil ɗin da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin a tsarin sinimar gida.

Abin da ke sa ta daɗe shi ne maraici. Lasifikun dama da hagu tare suke zuwa, tare ake sayensu. Ita kuwa ta tsakiya sau da yawa ita kaɗai take fitowa daga kwantena, ta rabu da danginta tun daga Turai, don haka mai shago ya fi saurin sakinta da sauƙi. Bayan da aka rufe iyaka da Benin a ƙarshen watan Yulin 2023, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano da Gaya suka koma bin doguwar hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, kuma kuɗin hanya a kan mai saye yake ƙarewa. Ba abin mamaki ba ne idan mai gida ya tsaya gaban irin waɗannan akwatuna ya yi lissafi: me zai hana a ɗauki biyu, a sa ɗaya dama, ɗaya hagu, a huta?

Amsar ita ce babu abin da zai hana. Lasifikar tsakiya lasifika ce kamar kowace, ba ta san sunan da aka rubuta a bayanta ba, duk abin da amfili ya turo mata shi za ta faɗa. Wani lokaci ma takan fi yin kyau a gefe a kan wurin da aka yi ta dominsa. Sai dai akwai sharaɗi ɗaya babba da wasu ƙanana, kuma wanda ya tsallake su zai iya tashi da muryoyin da ba a fahimta, ko amfili da ya ƙone a tsakiyar watan Afrilu.

Yadda aka yi ta kwanta

Tunanin sa lasifika uku a gaban mai sauraro ya girmi talabijin ɗin da ke falo. Ranar 27 ga Afrilun 1933, injiniyoyin Bell Labs a Amurka sun ɗauki kiɗan wata babbar ƙungiyar makaɗa daga birnin Filadelfiya, suka tura shi ta wayar tarho zuwa wani zaure a Washinton, inda lasifika uku, dama da tsakiya da hagu, suka maido da shi. Gidajen sinima suka gaji wannan tsari, kuma har yau ƙa'idarsu ke nan: a bayan farin allon, wanda ke da dubban ƙananan huji don sauti ya wuce, lasifika uku ne iri ɗaya, girmansu ɗaya, duka a tsaye. Ta tsakiyar ita ke ɗauke da yawancin maganar ƴan wasa, don wanda ke zaune can gefen zaure ya ji muryar tana fitowa daga bakin mai magana, ba daga bango ba.

Da tsarin ya shigo gidaje, da Dolby Pro Logic a 1987, sannan Dolby Digital mai hanyoyi 5.1 wanda ya fara a sinima a 1992, sai aka ci karo da matsala. Talabijin na wancan zamani akwati ne mai ƙaton ƙeya, ba a iya ɓoye komai a bayan gilashinsa. Wurin da ya rage shi ne samansa ko ƙarƙashinsa, kuma doguwar lasifika a tsaye ba ta shiga nan. Sai kamfanoni suka kwantar da ita. Wato kwanciyar nan ba don sauti aka yi ta ba, don kayan ɗaki aka yi ta.

Shi kansa tsarin fayafayai biyu da ƙarami a tsakiya yana da mai shi. Wani injiniya Ba'amurke, Joseph D'Appolito, shi ya bayyana shi a 1983, kuma a tsaye ya tsara shi: babban faifai a sama, ƙaramin da ake kira tuwita a tsakiya, wani babban a ƙasa. Mai gidan da ya tsayar da lasifikar tsakiya bai ɓata komai ba, asalinta ya maido mata.

Abin da ke faruwa idan ta kwanta

Nan ne zancen yake, kuma ya cancanci a bi shi a hankali. Sauti igiya ce a cikin iska, kamar yadda ruwa ke yin zobe-zobe idan an jefa dutse a tafki. A jefa duwatsu biyu lokaci guda, kusa da juna, za a ga wuraren da zoben wannan ya haɗu da na wancan suka ƙara tsawo, da wuraren da tudun ɗaya ya faɗa cikin kwarin ɗaya, ruwan ya kwanta lumui kamar ba a jefa komai ba. Manyan fayafayan nan biyu su ne duwatsun. Sauti ɗaya suke fitarwa, a lokaci ɗaya.

Wanda ke zaune daidai gaban akwatin, nisansa da faifan dama daidai yake da nisansa da na hagu. Igiyoyin biyu suna isa kunnensa tare, suna ƙarfafa juna. Amma da ya matsa gefe, ɗaya faifan ya fi kusa da shi, ɗayan ya yi nisa. Idan bambancin nisan ya kai rabin tsawon igiyar wani sauti, wannan sautin zai soke kansa.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda. Sautin da ke girgiza sau 2000 a daƙiƙa, wato 2000 Hz, tsawon igiyarsa santimita 17 ne, rabinsa takwas da rabi. A ɗauka tsakanin cibiyar faifan dama da ta hagu akwai santimita 30, kamar yadda yake a matsakaitan akwatuna da yawa. Mutumin da ke zaune mita 3 daga akwatin, ya isa ya matsa ƙasa da mita ɗaya zuwa gefe, bambancin nisan ya kai wannan takwas da rabin. Tuwita na cike wani ɓangare na giɓin, don haka sautin ba ya ɓacewa gaba ɗaya, amma yana raunana ƙwarai. Mita ɗaya kuwa ba wani nisa ba ne, daga tsakiyar doguwar kujera zuwa hannunta ke nan.

Abin takaicin shi ne inda ramin yake faɗawa. Tsakanin 1000 da 4000 Hz nan ne kunne ke samun yawancin abin da yake rarrabe baƙaƙe da shi. Karin sautin Hausa, hawa da saukar murya, yana can ƙasa, ba abin da ke taɓa shi. Don haka mai sauraro zai ji ana magana, zai gane muryar namiji ce ko ta mace, zai ma gane faɗa ake yi ko rarrashi, amma kafa da ƙafa, sara da shara, sai su fara kama da juna. Abin da mutane ke yi a nan sananne ne: a ɗauki telekomand a ƙara murya. Ƙarin ba ya cike ramin, kiɗa da ƙarar mota ne kawai ke ƙaruwa, har maƙwabta su san fim ɗin da ake kallo.

To, idan wannan aibi ne ga lasifikar da ke kwance a tsakiya, a gefe ya ninka. A tsakiya, aƙalla mutum ɗaya, mai kujerar da ke fuskantar talabijin, yana daidai gabanta. Amma ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya ITU ta shimfiɗa ta ce lasifikar dama da ta hagu su kasance digiri 30 daga tsakiya, kowace a nata ɓangaren. Idan aka kwantar da su a can suna kallon gaba, shi kansa mai gida a kujerarsa ta alfarma ya zama mutumin gefe ga kowace daga cikinsu. Babu wanda ya tsira ke nan.

Da an tsayar da akwatin, lissafin ya juya. Yanzu faifai ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa, kuma duk inda mutum ya matsa, dama ko hagu, nisansa da su biyun bai canza ba muddin kunnensa na kusa da tsayin tuwita. Ramukan ba su ɓace ba, sun koma sama da ƙasa ne, suna kallon rufi da daɓe. Wannan ma riba ce a gidajen Yamai, inda falo da yawa siminti ne da karo, ba labule mai kauri, ba kafet daga bango zuwa bango. Irin wannan ɗaki amsa-kuwwa gare shi, kuma lasifikar da ke rage abin da take watsawa ƙasa da sama tana rage hayaniyar da ke dawowa.

Abin da ake kallo, da yadda ake zama

A ƙasashen da aka ƙera waɗannan kaya, ana ɗauka cewa fim zai zo da hanyoyin sauti shida, magana ta bi ta tsakiya, dama da hagu su ɗauki kiɗa. A nan ba haka abin yake ba. Labaran Télé Sahel, shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina, finafinan Kano da ake saukewa a waya ko a kile, waƙoƙi da wasannin barkwanci na YouTube, kusan duka da hanyoyi biyu suke zuwa, wasu ma da ɗaya. Sauti mai 5.1 na gaskiya sai a wasu tashoshin tauraron ɗan Adam da finafinan waje. Ma'ana, a yawancin dare, lasifikar dama da ta hagu su ke ɗauke da maganar kacokan. Kunne ne ke haɗa su ya ƙirƙiro murya a tsakiyar allo, inda babu lasifika ko ɗaya.

Wannan ya sa zaɓen lasifikar tsakiya don wannan aiki ba wauta ba ce ko kaɗan. An gina ta ne don murya, kuma murya ce abincin yau da kullum a falon Bahaushe. Amma kuma shi ya sa ba a wasa da batun tsayarwa, tun da babu wata ta uku da za ta rufa asiri.

Sai yadda ake zama. Littattafan da ke zuwa cikin kwali suna zana mutum ɗaya a kujera ɗaya. A gidan Yamai kuwa kallo na jama'a ne: manya a kujeru, mata da baƙi a gefe, yara a baje kan tabarma ko kafet, wani na tsaye bakin ƙofa da kofin shayi. Faɗin da tsayayyar lasifika ke bayarwa ya dace da wannan zama. Inda take da rauni shi ne tsayi. Kunnen babba a kan kujera yana wajen santimita 90 zuwa mita ɗaya daga ƙasa, na wanda ke zaune a tabarma yana ƙasa da haka da kimanin taƙi ɗaya ko fiye. Idan aka sa tuwita a wajen santimita 80, kuma masu kallo na nesa da mita biyu da rabi ko uku, duka biyun suna cikin yankin da sauti ke da kyau. Wanda zai yi asara shi ne yaron da ya kwanta dab da gindin akwatin, shi kuwa da ma ana ta faɗa masa ya ja baya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rataye lasifika can kusa da rufi don gudun hannun yara. Ga lasifika mai faifai ɗaya, wannan asara ce kaɗan. Ga mai fayafayai biyu a tsaye, jefa dukan ɗakin ne cikin ramin da aka gudu. Idan dole sai an ɗaga, a karkato da fuskarta ƙasa ta kalli kan masu zama.

Ba kowace ce ke son tsayuwa ba

Kafin a biya, a cire ragar gaba a duba. Idan fayafayai biyu ne da tuwita a tsakiyarsu a layi ɗaya, wannan ita ce wadda ake magana, a tsayar da ita ba fargaba. Idan tuwitar ta ɗan kauce daga layin, a tsayar da su ta yadda za su zama kamar mutum da hotonsa a madubi, tuwita biyun duka ta ciki ko duka ta waje.

Akwai kuma masu tsada waɗanda aka gyara musu wannan aibi tun daga masana'anta. Su a tsakiyarsu za a ga abu biyu, tuwita a sama, wani matsakaicin faifai a ƙarƙashinta, sannan manyan a gefe suna ɗaukar sautin ƙasa kawai. Irin wannan a kwance take daidai. Idan aka tsayar da ita, tuwita da matsakaicin faifan sun koma kafaɗa da kafaɗa, an ƙirƙiro matsalar da mai ƙirar ya kashe kuɗi ya kawar. A bar ta a kwance, a juyo fuskarta ta kalli wurin zama. Haka masu tuwita a cikin ƙaho mai faɗin baki, irin na wasu samfuran Klipsch: ƙahon na watsa sauti da faɗi ta gefe, da ƙunci ta sama, kuma juya akwatin na juya wannan. Waɗanda ba ruwansu da kwanciya ko tsayuwa su ne masu tuwita a cikin cibiyar faifan kanta, kamar tsarin Uni-Q na kamfanin KEF, idan faifan ɗaya ne.

Sharaɗi na biyu: su zama tagwaye. Kamfani ɗaya bai isa ba, sai lambar samfur ɗaya. Lasifika biyu mabambanta ba sa ba da ƙarfi ɗaya daga wuta ɗaya, kuma launin muryarsu ba ɗaya ba ne. Bambancin ƙarfi ana iya daidaita shi a cikin amfili. Bambancin launi ba shi da magani: mai labarai zai riƙa jin kamar ya karkata gefe guda, kuma ɗan wasan da ya taka daga dama zuwa hagu zai canza murya a hanya. A kasuwar kayan hannu wannan shi ne mafi wuya, domin marayu ba safai suke zuwa biyu iri ɗaya ba. Wanda ya samu uku kuwa ya yi sa'a babba, don ya samu abin da gidan sinima ke da shi, ya tsayar da biyu a gefe, ta ukun ta zauna a tsakiya.

Om, amfili da zafin Afrilu

A bayan kowace lasifika akwai lamba da alamar om, galibi 8, 6 ko 4. Ita ke nuna yadda lasifikar ke tare wutar da amfili ke turowa. Ƙaramar lamba na nufin ƙofa a buɗe: mai om 4 na jan ninki biyu na abin da mai om 8 ke ja a murya ɗaya. Lasifikun tsakiya da dama, saboda fayafayai biyun da aka haɗa a cikinsu, suna sauka ƙasa fiye da yadda girmansu ke nunawa. Amfili zai iya jure guda ɗaya irin wannan a tsakiya. Biyu a dama da hagu, suna aiki daga labaran safe har fim ɗin dare, wani nauyi ne daban.

Wuta mai yawa zafi ce mai yawa. Injin da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Turai, a nan zai yi aiki ne a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, cikin kabad mai ƙofar gilashi, da ƙurar hunturun bara a cikin hujojinsa, wataƙila ma da dekoda a kansa da ɗan kyalle na ado. Mai kirki zai rubuta Protect ya kashe kansa. Mara kirki zai yi shiru har abada. Don haka a karanta abin da aka rubuta kusa da mahaɗan waya a bayan amfilin. Idan ya ce 6 zuwa 16, kada a ba shi 4. Idan yana da maɓallin zaɓen om, sa shi a ƙaramar lamba na rage masa ƙarfi kaɗan, yana kuma rage zafi, kuma a wannan gari cinikin ya yi.

Abu biyu ne ba a yi. Na farko, haɗa lasifika biyu a mahaɗi ɗaya don a ƙara ƙara: biyu masu om 8 sun zama 4, biyu masu 4 sun zama 2, kuma kusan babu amfilin gida da ke ɗaukar wannan. Na biyu, ɗauko ƴar lasifikar tsakiya daga saitin nan da ake sayarwa a kwali guda tare da na'urar DVD a ɗora ta kan babban amfili. Da yawansu om 3 ne, an yi su don na'urarsu kaɗai, kuma manyan lambobin wat da ke jikin kwalin ado ne.

Ita lasifika ba ta shan kuran kai tsaye, don haka ba ta damu da ƙasar da ta fito ba. Amfili da wufa su ne abin dubawa. Na Turai, masu bolt 230, sun dace da wutar NIGELEC. Na Amurka 120 ne, na Japan 100, kuma sa su a bango ba tare da taransifo ba kuskure ne da ba a maimaitawa. Regilata kuma ba almubazzaranci ba ne a unguwar da wuta ke zuwa tana komawa.

Sautin ƙasa

Ga inda araha ke nuna halinta. An ƙera lasifikar tsakiya da tunanin cewa akwai wufa, akwatin nan mai ɗaukar duma, a gefe. Da yawa ba sa sauka ƙasa da 80 ko 100 Hz, ƙananan ma sun fi haka gajarta. Ga magana wannan ya wadatar, tun da muryar namiji mai kauri daga wajen 85 take farawa. Ga kiɗa bai isa ba: igiyar ƙarshe ta gitar bas, irin wadda ke riƙe da kiɗan ƙungiya kamar Tal National, tana kan 41 Hz. Kalangu zai fito tsaf, amma duman da ake ji a ƙirji ba zai zo ba.

Wanda ke da wufa, ya shiga saitin amfili ya sa lasifikun gaba a kan Small, ko Petite idan injin Faransanci yake yi, ya sa iyakar a 80 Hz, ko 100 zuwa 120 idan fayafayan ƙanana ne. Kalmar ba raini ba ce, umarni ne ga amfili ya kai kaya mai nauyi wurin wufa. Da haka fayafayan ke hutawa, murya ta ƙara washewa, amfilin ma ya rage zafi. Wanda ba shi da wufa ya sani cewa yawancin injuna za su tura wa lasifikun gaba komai da komai. A nan sai haƙuri: kada a murɗa maɓallin bas har ƙarshe don neman abin da akwatin ba shi da shi. Matso da su kusa da bango na ƙara ɗan kauri kyauta, sai dai idan hujin iskarsu a baya yake, to a bar musu kamar taƙi ɗaya. A lokacin zafi da ake fitar da tele tsakar gida, babu bangon da zai taimaka, sautin zai ƙara sirancewa, kuma a nan ne aka fi ƙona tuwita, garin ƙure ƙaramin amfili.

A shago, da kuma a gida

Gani ya kori ji, in ji masu magana, amma a wannan ciniki ji ne ke korar gani. Akwati mai sheƙi na iya ɓoye faifan da ya mutu. A dubi zoben da ke riƙe da bakin kowane faifai: na roba yana daɗewa, na soso kuwa zafi da shekaru na mai da shi gari, wani da an taɓa shi zai marmashe. A danna faifan a hankali da yatsu a kewayen cibiyarsa. Idan an ji yana gogar wani abu a ciki, a ajiye. Sannan a sa mai shago ya kunna, a kai kunne kusa da fayafayan ɗaya bayan ɗaya, har da tuwita, domin mai fayafayai biyu na iya yin ƙara da guda ɗaya kawai, mai saye bai sani ba. Idan takardar baya ta goge, mai gyaran rediyo zai auna da mitarsa: mai om 8 kan nuna wajen 6, mai om 4 kan nuna wajen 3.

A gida, wayar ja ta tafi ja, baƙa ta tafi baƙa, a duka ɓangarorin. Idan alamun sun goge, ƙaramin batir na rediyo mai bolt ɗaya da rabi ya isa: a taɓa wayoyin a kansa na ɗan lokaci, idan fayafayan suka turo waje, wayar da ke kan ƙarshen batir mai alamar tarawa ita ce ja. Juya waya a gefe ɗaya na sa duma ya ɓace, murya kuma ta rasa mazauni, ta riƙa yawo a ɗaki.

Yawancin waɗannan akwatuna ba a yi gefensu don zama ba, wasu ma a lanƙwashe suke. Mai walda ko kafinta zai iya yin ƙafa mai faɗin gindi da ɗan faranti a sama, a ɗaure akwatin a kai don kada yaro ya ja waya ya kifo shi. Idan ƙafar bututun ƙarfe ce, a cika ta da busasshen yashi don kada ta yi ƙara, yashi kuwa ba abin da za a saya ba ne a Yamai. Hujin iska na baya a rufe shi da ƴar ragar sauro, don zanzaro na son irin wannan wuri ya yi gininsa.

Tazarar da ke tsakanin lasifikun biyu ta yi kusan daidai da tazarar da ke tsakaninsu da kujera, a ɗan juyo fuskokinsu ciki. Gwajin ƙarshe ba ya buƙatar na'ura. A kamo labaran Muryar Sahel ko wani shiri da mutum ɗaya ke magana, a zauna a tsakiya a rufe ido: muryar ta fito daga allon talabijin, ba daga ɗaya akwatin ba. Sannan a tashi a koma ƙarshen kujera, a sauka kan tabarma, a je bakin ƙofa. A kwantar da akwatunan a sake bin wuraren nan, da wannan muryar, ba tare da an taɓa maɓallin ƙara ba. Wanda ke zaune a ƙarshen kujera shi za a tambaya wanne ya fi.